Tambayi Likita: Masu Shirin Dawowa Gida Bayan Zama A Waje

Likita, shekarata biyar ina karatu a Indiya, bayan Sallah zan tattaro na dawo Argungu gaba ɗaya. Maimakon murna sai fargaba nake ji. Da na zo hutu bara ko zaman majalisa na kasa, komai haushi yake ba ni. Ko wani ciwo ne ke damuna?

Ba ciwo ba ne, ɗana. Tun a 1963 wasu masu bincike a Amurka, John da Jeanne Gullahorn, suka nuna cewa matafiyi sau biyu yake baƙunta: ranar da ya sauka ƙasar mutane, da ranar da ya dawo tasa. Ta biyun ce ke zuwa ba zato, don ba wanda ke shirya mata. Su kuma mutanen gida za su ce ai Indiya ba Turai ba ce, me zai canza ka?

To ka canza, garin ma bai tsaya jiranka ba. Ka saba da ɗakinka da makullinka, yanzu tun da asuba ake sallama a zaure, kowa na jiran tsaraba, wasu ma sun ɗauka da kuɗi ka dawo. Abokanka sun yi aure, hirarsu ta koma tsadar taki da man injin ban ruwa a fadamar shinkafa. Labarin Indiya kuwa kwana biyu za a saurara a wuce.

Tun yanzu ka kira mahaifiyarka ta lissafo maka waɗanda suka rasu da waɗanda suka haihu bayan tafiyarka, ka fara da ta'aziyya da barka a makon farko; wannan zagayen shi ke mayar da mutum cikin dangi. Ka samu abin da zai fitar da kai kowace safiya, ko da koyarwa ce kyauta. Kuma ka kama bakinka daga "a can ba haka ake yi ba", ko da gaskiya ce.

Amma idan baƙin ciki ya riƙe ka mako biyu a jere, barci ya ƙi, abinci ya fita ranka, abin da kake so a da ya daina burge ka, wannan ya zama na asibiti. In har tunanin gara mutuwa ya shigo, a ranar za ka nemi likita.

Likita, mijina ya kammala karatu a Azhar, za mu koma Jega da yara biyu da na haifa a Alƙahira. Me zan tanada?

Gidan sauro mai magani, 'yar uwa, kafin ki sayi tsarabar kowa. A Oktoban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Masar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, ita kuwa Kebbi, a binciken ƙasa na 2021, kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada an samu ƙwayar cutar a jininsu. 'Ya'yanki ba su taɓa haɗuwa da ita ba. Ke da maigidan ma kariyar da jikinku ya tara tun yarinta ta yi rauni, don ba ta ɗorewa in an daina cizon mutum.

Duk zafin jiki a yi gwajin jini a ranar, kada a tsaya kan farasitamol da "canjin ruwa ne". Da damina masu rabon maganin kariya suna bi gida-gida don yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ki buɗe musu ƙofa. Allurar rigakafin zazzaɓin ma an fara ta a Kebbi a Disambar 2024 ga jarirai daga wata 5, ki je da katin rigakafinsu na Masar a duba.

Likita, 'yata tana cikin ɗaliban da aka kwaso daga Khartum da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Har yau in taya ta fashe a titin Yawuri sai ta zabura tana rawar jiki, da dare tana firgita. Dangi sun ce iska ce.

Alhaji, wannan daban yake da kewar waje ko baƙuntar gida. Wanda ya kwana cikin ƙarar harsashi, ƙwaƙwalwarsa kan ci gaba da tsaro ko bayan ya tsira, kuma in abin ya wuce wata guda muna ɗaukarsa ciwo mai magani. Ban hana addu'a ba, a yi ta. Sai dai a haɗa da ganin likitan ƙwaƙwalwa, ko a Birnin Kebbi ko a asibitin tarayya na Kware da ke Jihar Sakkwato. A daina sa ta maimaita labarin gudun ga kowane baƙo, kuma kada a sayo mata maganin barci a kemis.