Tambaya da Amsa: An tura mu ma'aikata aikin shigar da kowa, oga ya ce nan ba Amurka ba ce

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Ina mastas ne a fannin shugabanci, to a wannan zangon sai aka raba mu rukuni rukuni aka tura mu ma'aikatu mu yi aiki da su kan adalci tsakanin ma'aikata da damawa da kowa ba tare da la'akari da jinsi ko ƙabila ko nakasa ba. Mu huɗu aka tura wata hukumar gwamnatin tarayya, ranar farko ogan ya karɓe mu da fara'a amma ya ce wai wannan zancen Turawa ne nan ba Amurka ba ce, su ba su da matsala. Yanzu abokan aikina sun ce mu raba takardar tambayoyi kawai mu rubuta rahoto mu ci maki, ni kuma wallahi zuciyata ba ta kwanta ba. Wata uku gare mu. Ya zan yi?
Ɗalibarki daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, na ji daɗin wasiƙar nan sosai don rashin kwanciyar zuciyar nan taki shi ne alamar za ki yi aikin kirki.

Kar ki yi musu da oga. Kalmomin da aka koya muku a aji ƙila daga waje suka zo amma maganar tamu ce tun tuni, ki koma masa da dokar ƙasarmu a hannu. Sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kada wata jiha ko ƙabila ta mamaye gwamnatin tarayya da hukumominta, kuma tun 1996 aka kafa hukumar raba daidai ta tarayya don sa ido a kan haka. Sai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya wadda marigayi shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki gare su, ta kuma ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga, wa'adin nan ya cika tun Janairun 2024. Kin ga ke ba baƙon abu kika kawo ba, taimaka musu za ki yi su cika abin da doka ta riga ta ɗora musu.

Toh amma wata uku ba za ta ishe ki komai da komai ba, ki ɗauki abu ɗaya, ni dai da ni ce batun masu buƙata ta musamman zan kama don ana ganinsa da ido, ba wanda zai ce ƙarya kika yi. Ki je ranar Litinin da safe ki zauna kusa da mai gadi da littafinki, ki ƙirga matakalar ƙofar shiga, ki duba in mai keken guragu ya zo ya yake shiga, ni na taɓa ganin dattijo a wani ofis mutum biyu suka ciccibe shi da kekensa suka hau da shi bene kowa na kallo shi kuma ya sunkuyar da kai, har yau abin na raina. Ki leƙa banɗaki ki ga ko keke zai wuce ta ƙofar. Ki tambaya in kurma ya zo wa ke masa maganar hannu, in an buga sanarwar ɗaukar aiki makaho ta ina zai ji. Takardar tambayoyi ba za ta nuna miki wannan ba, mutane abin da oga zai so ji suke cikewa.

Sannan dan Allah kar ku yi magana a madadinsu ba ku ji ta bakinsu ba. Ku nemi reshen JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, na jiharku ku gayyato mutum ɗaya ko biyu su zagaya ginin tare da ku, abin da za su hango cikin minti goma ku ba za ku gani ba a sati.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan ma'aikata. Ku za ku gama ku tafi su kuma suna nan ƙarƙashin ogan, masinja ko mai shara ya faɗa miki gaskiya kika rubuta yadda za a gane shi kin jawo masa. Tun yanzu ku rubuta yarjejeniya da hukumar da sa hannun malaminku, wa zai ga rahoton, me za a ɓoye, kuma ba suna ba muƙami. Hirar ma ku yi ta inda oga ba ya gani.

Rahoton da za ku ba hukumar kar ya wuce shafi biyu, ku fara da abin da suke yi daidai, sai gyara biyu ko uku masu sauƙin kuɗi kamar zuba siminti a yi gangaren hawa a ƙofa ko sauko da teburin karɓar jama'a ƙasa, kowane gyara da ofishin da zai ɗauki nauyinsa da ranar da za a gama. Abokan naki kuma ki ja su zaman safiyar Litinin ɗin nan tare da ke. Ki sake rubuto min in kun yi, ina son jin matakala nawa kuka ƙirga.