Nakiya ba ta ganin hannun da aka ɗaga

Ɗan'uwa, ka tambaya ko makaman zamani sun rage zalunci a yaƙi, tunda ana cewa abin da aka auna kaɗai suke bugawa. Ni tsohon soja ne, kuma shekaruna na ƙarshe a sashen kwance nakiyoyi na yi su.

Abin da aka fara cusa mana shi ne, wanda ya ajiye makami ya ɗaga hannu, jininsa ya haramta. Yarjejeniyoyin Geneva na 1949 da ƙarin da aka yi musu a 1977 sun kare shi, sun kare farar hula. Sai dai kafin a bi wannan doka, dole a sami mutumin da zai ga hannun.

Nakiya ba ta gani. Mun taɓa aiki a wasu gonaki shekaru bayan an yi sulhu, aka kawo mana yarinyar da ta taka ɗaya tana kiwon awaki. Lokacin da aka binne nakiyar, ko haihuwar yarinyar ba a yi ba. Wallahi har yau ina tuna takalminta ɗaya a hannun mahaifinta. Yarjejeniyar Ottawa ta 1997 ta haramta irin waɗannan nakiyoyi, amma Amurka da Rasha da Sin ba su shiga ba.

Tazarar nan tsakanin mai kisa da wanda ake kashewa ba yau ta fara ba. A Omdurman ta ƙasar Sudan, a 1898, manyan bindigogi da bindigar Maxim mai harbi ba ƙaƙƙautawa sun kashe kusan mutum 10,000 cikin rundunar Mahadi, waɗanda ɓangaren Ingila ya rasa kuwa ba su kai 50 ba. Jirgi marar matuƙi ya ƙara nisan. Yana da kyamara, gaskiya ne, amma dubi Kabul ranar 29 ga Agusta 2021: an yi kusan awa takwas ana bin wata mota daga sama, aka harbe ta, farar hula 10 suka mutu, bakwai yara. Jarkokin ruwa mai motar ya ɗauko. Amurka ta amsa kuskure, ba a hukunta kowa ba.

Abin da ke hana ni barci yanzu shi ne makamin da zai zaɓi wanda zai kashe da kansa. Wa za a miƙa wa wuya? Wa za a tuhuma? Tun 2014 ake zama a Geneva kan batun, har yau babu yarjejeniyar da ta ɗaure kowa.