Ƙara wa Tsarin Bargon Faci Girma, da Ɗinki da Yadin Biki Mai Hotuna

Tambaya: Gaisuwa mai yawa, Anti. Ina da takardar tsarin bargon faci (wanda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye) na jariri, faɗinsa inci 36, tsawonsa 48. Gida 12 ne, kowane gida inci 12, an raba shi ɗaki uku-uku, da siffar tauraro a ciki. So nake in ɗinka irinsa na babban gado mai katifa inci 60 da 80. Na sayi yadin biki kala biyu: fari mai hoton bishiyar Kirsimeti, kowace bishiya tsawonta inci 4, da ja mai ƙananan ƙararrawa da ruwan zinare. Na kai takardar an ƙara mata girma a injin fotokwafi, na gwada gida ɗaya, gaɓoɓin suka ƙi haɗuwa, bishiyoyin kuma wasu ba kai, wasu a kwance. Ina matsalar take?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ƙanwata. Kin yi dabara da kika tsaya a gida ɗaya, yadinki bai tafi a banza ba. Matsala biyu ce ta haɗu miki, kuma gyaran ɗaya yana jingine da ɗayar.

Mu fara da fotokwafin. Kowane ƙyalle a bargon faci awo biyu gare shi: awon da ake gani bayan an gama ɗinki, da awon yanka, wanda ya haɗa da rarar da ɗinki zai ci, kwatan inci a kowane gefe. Wannan rara ba ta girma, ba ta raguwa. Ko gidan ya kai inci 30, ko ya tsaya a inci 3, kwatan incin nan yana nan yadda yake. Shi kuwa inji bai san da haka ba, duk abin da ke kan takarda yake hurawa, har da rarar. A ce an ƙara miki zuwa kashi 125 cikin 100. Murabba'in da takarda ta ce a yanka 4½ zai koma 5⅝, alhali 5½ ake bukata. Na alwatika kuma, wanda aka rubuta 4⅞, zai wuce inci 6 da ɗan ɗoriya, in an ɗinke shi ya fi maƙwabcinsa girma. Ga dalilin da gaɓoɓinki suka ƙi haɗuwa. Ɗaya bisa takwas na inci kamar ba komai ba ne, amma a jere ɗaki 15 ya kusa cin inci 2. Inda fotokwafi ke da amfani shi ne siffar da ake ɗorawa a kan ƙyalle a ɗinke, kamar fure ko ganye, ita ma sai an zana ta babu rara, a ƙara girman, sannan a mayar mata da rararta da hannu.

Hanyar da ba ta ba da kunya ita ce ki cire rara, ki yi lissafi da awon gamawa, sannan ki mayar da rara a ƙarshe. Murabba'i ko mai tsawo, ki ƙara rabin inci. Murabba'in da za a raba gida biyu ta kusurwa, ki ƙara ⅞. Wanda za a raba huɗu, ki ƙara 1¼.

To wane girma za ki zaɓa? A nan nake son ki ajiye takardar ki ɗauko yadin, domin shi zai yanke hukunci. Bishiyarki inci 4 ce, ɗakin tsohon tsarin ma inci 4 ne, ba ta da wurin numfashi, a irin wannan ɗakin ɗinki kan cinye mata kai da gindi. Ki ba ta ɗaki mai inci 5, rabin inci ya rage sama da ƙasa. Ɗaki uku sau 5, gidanki ya zama inci 15 ke nan. Kin ga lissafin ya fita tas, domin gida mai ɗaki uku-uku yana son lambar da 3 ke rabawa: 9, 12, 15, 18. Da kin ce inci 14 kike so, kowane ɗaki zai zama 4 da biyu bisa uku, kuma babu wannan layin a jikin rular da ake aunawa da ita. Gida mai ɗaki huɗu-huɗu 8, 12 ko 16 yake so, mai biyar-biyar kuma 10 ko 15.

Sai gado. Katifa mai faɗin 60, a bar inci 12 ya sauko dama da hagu, faɗin bargo ya zama 84. Da za ki tsaya a gidajen inci 12, sai kin ɗinka 7 a faɗi, 8 a tsawo, gida 56. Da na inci 15 kuwa, 5 a faɗi, 6 a tsawo, gida 30 kacal, awonsu 75 da 90. Ki zagaye su da baki mai faɗin 4½, wato ki yanka 5, bargon ya tashi 84 da 99. Tsawon zai sauko ta wajen ƙafa, ya kuma ɗan rufe matashin kai. Ki auna kaurin katifarki tukuna, in mai kauri ce ki faɗaɗa bakin.

Ki shirya wa yawan yadi. Bargon jaririn da wannan ba ninki biyu ne tsakaninsu ba, filin sabon ya kusa ninka tsohon sau biyar. Yadin audugar da ake bugawa don wannan aiki faɗinsa 42 zuwa 44 ne, amma in an cire bakinsa aka wanke, ki lissafa 40. Kowane tsiri mai faɗin 5½ zai ba ki murabba'i 7. Kusurwoyin gidajenki murabba'i 120 ne, tsiri 18, yadi 2¾, ni dai zan ce ki sayi 3. Na alwatika, ki yanka murabba'i 60 na yadi mai haske, 60 na mai duhu. Lissafi 5⅞ ya ce, amma ki yanka 6. Ki kifa ɗaya a kan ɗaya fuska da fuska, ki ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ki yi ɗinki kwatan inci daga layin ta kowane gefe, ki yanka a kan layin, ki goge, sannan ki datse kowanne ya dawo 5½ daidai. Ɗan abin da za ki zubar bai kai ɓacin ran ƙyallen da ya gaza ba. Shafin baya da audugar ciki su fi saman da inci 4 ta kowane gefe, wato 92 da 107.

Yanzu farin yadin nan mai bishiya. Kada ki ninke shi ki yanka tsiri-tsiri kamar sauran. Ki samo roba mai garai-garai mai ɗan tauri, ki yanka murabba'i 5½, ki ja layi kwatan inci daga kowane gefe. Ki shimfiɗa yadin falle ɗaya, ki ɗora robar, ki matsa ta har bishiya ta zauna a tsakiyar layukan ciki, kanta bai taɓa layin sama ba, ki zagaya da alli, ki yanka. Da alƙalami mai gogewa ki zana ƙwanƙolin bishiyar da gindinta a jikin robar, don duka 30 ɗin su zauna wuri ɗaya. Wannan yanka yana cin yadi sosai, zai bar miki shi huji-huji. Saboda haka ki ƙirga cikakkun bishiyoyin da ke cikin yadi ɗaya, waɗanda ba su maƙale da juna ba kuma ba su faɗa baki ba. In 12 ne, kina bukatar yadi 2½, inda yankan tsiri ko yadi ɗaya ba zai cinye ba. Irin wannan yadi na lokaci ne, biki na wucewa ba lalle ki sake samunsa ba, don haka in bai isa ba ki ƙaro yanzu.

Sau da yawa za ki tarar an buga hoton a ɗan karkace da saƙar yadin. Ki bi hoton, domin shi ido ke gani. Sai dai gefen da aka yanka a karkace yana miƙewa, don haka ki fesa sitaci ki goge kafin yanka, kuma wajen guga ki riƙa ɗora dutsen kina ɗagawa, ban da ja.

Bishiyoyin da suka kwanta kuwa, saboda kin sa yadin a alwatika ne. Hoto mai sama da ƙasa ba ya jure juyi, kuma alwatikan tauraro kowanne fuskarsa daban. Ki bar bishiya a ɗakin tsakiya kaɗai. Jan mai ƙararrawa, in hotonsa a warwatse yake ta kowace fuska, shi ya dace da fukafukan tauraron. Kusurwoyi da bayan tauraro ki nemo yadi marar hoto, ko mai ɗige-ɗige ƙanana. Na san in an ga yadin biki rai yakan so a zuba kala biyar ko shida, amma in kowane ƙyalle yana ihu, tauraron da kika sha wahala a kansa ɓacewa zai yi. In kuma kina son bishiya a bakin bargo, ki lura da yadda aka buga ta: galibi na dama da hagu a tsawon yadi ake yanka su, na sama da ƙasa a faɗinsa, don duka su tsaya a miƙe. Shafin baya in kika sa marar hoton biki, bayan bikin sai ki juya bargon ki ci gaba da amfani da shi.

Ja kusa da fari abin tsoro ne. Kafin almakashi ya taɓa shi, ki yanki ɗan ƙyalle, ki jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu, ki ɗora a kan farin tsumma ki bar shi ya bushe. In tsumman ya ɗauki ko ɗan ja-ja, yadin yana zuba, ki wanke shi shi kaɗai har ruwan ya fita fari. In an yi ta wanki bai daina ba, ki haƙura da shi, kada ya ɓata miki aikin makonni. Kuma in kin wanke ɗaya ki wanke duka, domin auduga tana tsukewa da kamar kashi 3 zuwa 5 cikin 100, in wani ya riga ya tsuke wani bai tsuke ba, wankin farko zai tattare bargon. Ruwan zinaren nan a saman yadi yake zaune, zafi mai yawa yana dusashe shi. Ki goge ta baya da matsakaicin zafi, ko ki shimfiɗa ƙyalle a kai. Ki sa sabuwar allura mai lamba 80/12, ki canza ta da zarar kin ji ta fara ƙwanƙwasa. Rarar ɗinki kuma ki kwantar da ita wajen jan, kada inuwarta ta fito ta cikin farin.

Kafin ki yanka sauran, ki gwada kekenki. Ki yanka tsiri uku masu faɗin 1½, ki haɗa su, ki goge, ki auna. Faɗinsu ya zama 3½, na tsakiya inci 1 cif. In ya gaza, ɗinkinki yana cin fiye da kwata, ki manna tef a farantin keken daidai inda ya kamata gefen yadi ya bi. Daga nan ki ɗinka gida ɗaya da sabon awon. In ya ba ki 15½ ta kowane gefe, bishiya a tsaye a tsakiya, sai ki yanka sauran 29.