Amsa: Me kansila ke yi, wa ke zaɓensa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko INEC ce ke shirya zaɓen kansila, kuma wane aiki yake yi. Ba INEC ba ce, hukumar zaɓe ta jiha ce, wato KADSIECOM a nan Kaduna. Jiharmu na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kowace mazaɓa da kansila ɗaya. A 2018 Kaduna ta fara zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura. Zaɓen Oktoban 2024 kuwa APC ce ta kwashe kujerun kaf.

Maganar aiki, kansila ba shi da baitulmali a aljihu. Shi ɗan majalisar ƙaramar hukuma ne, suna zama su amince da kasafin kuɗi, su sa ido kan ciyaman. Kasuwa, tashar mota, kwashe shara, maƙabarta, asibitin sha-ka-tafi, duk hurumin ƙaramar hukuma ne.

Ni dai abin da nake dubawa shi ne inda mutum yake kwana. A layinmu, da damina kwata kan toshe da ledar ruwa, ruwa ya shigo har zaure, mata na kwashewa da bokiti. Wanda ya taɓa tattare wando ya yashe kwatar nan tare da mu, shi zan ba ƙuri'ata. In ɗan takararku ya zo gaisuwa, ku tambaye shi rijiyar burtsatse nawa ta lalace a mazaɓar, kuma a wane layi.