Amsa kan batun buɗe iyakoki tsakanin Birtaniya, Kanada, Ostireliya da New Zealand

Assalamu alaikum. Malam, ka yi tambaya a kan labarin da ke yawo cewa Birtaniya da Kanada da Ostireliya da New Zealand za su buɗe wa juna iyakokinsu, ka kuma ce shirinka shi ne ka fara shiga Ingila da bizar aiki, idan ƙofar ta buɗe sai ka tsallaka da iyalinka zuwa Kanada ko Ostireliya, inda ka ji ƙasa tana da faɗi kuma muhalli ba ya wahalar samu. Na yi shekaru ina aikin injiniya a Ingila kafin na koma Kanada, inda nake zaune yanzu a lardin Alberta, saboda haka hanyar da kake son bi na taka ta da ƙafata, kuma abin da na gani a kanta shi zan faɗa maka.

Abin da ka ji ɗin shi ne ake kira CANZUK, kuma har yanzu shawara ce kawai, babu gwamnatin da ta sa hannu a kan wata yarjejeniya mai wannan suna. Wata ƙungiyar masu fafutuka ce ta fara tallata shi a 2015, ya ƙara samun karɓuwa bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a 2016, sannan jam'iyyar Conservative ta Kanada ta sanya shi cikin manufofinta a taron da ta yi a Halifax a 2018. A aikace kuwa, ba duka al'amura ne suka nufi wajen buɗewa ba. Tun watan Janairun 2025 ɗan Kanada ko ɗan Ostireliya da zai kai ziyara Birtaniya sai ya nemi izinin shiga ta intanet ya biya kuɗi, abin da da ba ya yi. A Janairun 2024 tattaunawar ciniki tsakanin Birtaniya da Kanada ta tsaya saboda saɓani kan naman shanu da cuku. Akwai ma abin da tsofaffin Turawan Ingila da ke nan suka daɗe suna kuka da shi, wato kuɗin fanshon gwamnatin Birtaniya ba ya ƙaruwa duk shekara ga wanda ya koma zama Kanada ko Ostireliya ko New Zealand, alhali yana ƙaruwa ga wanda ya koma Amurka. Idan ka ga wani yana sayar da fom ko yana karɓar kuɗin rajista da sunan wannan shiri, kada ka ba shi ko sisi, domin babu fom ɗin da ake cikewa.

To amma mu ɗauka gobe an sa hannu. Abin da nake so ka riƙe shi ne, irin wannan 'yancin zirga-zirga fasfo yake bi, ba ya bin takardar zama kuma ba ya bin harshe. Akwai misalai biyu da suke aiki yanzu haka. Tsakanin Ostireliya da New Zealand akwai tsari tun 1973 wanda ya ba 'yan ƙasashen biyu damar zama da aiki a ɗaya ƙasar ba tare da neman biza tun daga gida ba. Ɗan Najeriya da ke da izinin zama na dindindin a New Zealand ba ya cikin wannan dama idan zai shiga Ostireliya, sai ya zama ɗan ƙasa tukuna, ko da yake New Zealand ita tana karɓar masu izinin dindindin na Ostireliya. Su kansu 'yan New Zealand ɗin, a 2001 Ostireliya ta rage musu damar samun tallafin gwamnati, kuma sai a watan Yulin 2023 aka buɗe musu hanyar zama 'yan ƙasa kai tsaye bayan shekara 4 na zama. Na biyu shi ne tsarin da ke tsakanin Birtaniya da Ireland, wanda ya haura shekara 100, kuma shi ma na 'yan ƙasa ne, domin mai bizar aiki a Manchester ba zai kama aiki a Dublin da ita ba. Mu ma mun san haka a gida, tun da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Gana damar shiga Najeriya ya yi kwana 90 ba biza, amma ba ta ba baƙon da ke zaune a Kumasi da takardar zama wannan dama ba.

Lokacin da na nemi komawa Kanada, zaman da na yi a Ingila bai buɗe mini wata ƙofa ta musamman ba. Na shiga tsarin Express Entry, wato hanyar da Kanada take zaɓar ƙwararrun da za ta ba izinin zama na dindindin bisa makin da suka tara, wanda aka fara a 2015, kamar yadda mai nema daga Kano ko Accra zai shiga. Na sake rubuta jarrabawar Turanci ta IELTS, domin sakamakonta shekara 2 kawai yake yi, na aika takardun karatuna aka tantance su, na kawo shaidar 'yan sanda daga kowace ƙasar da na zauna wata 6 ko fiye, na yi gwajin lafiya, na nuna kuɗin da zan riƙe iyali da shi. Aikin da na yi a Ingila an lissafa shi a matsayin aikin ƙasar waje, makinsa ɗaya da na wanda ya yi irinsa a Kaduna. Abin da ya fi cutar da mai shirin yada zango shi ne shekaru, domin cikakken makin shekaru yana ga wanda ke tsakanin 20 da 29, daga nan yana raguwa har ya ƙare gaba ɗaya a 45, kuma Ostireliya ma ba ta karɓar wanda ya kai 45 a manyan bizojinta na ƙwararru. Bayan isowa kuma lasisin sana'a yana hannun kowane lardi, ba hannun gwamnatin tarayya ba, don haka injiniya ko likita ko ma'aikaciyar jinya kowa sai ya bi hukumar lardin da ya sauka.

Ka ce tun da mu ma Turanci ne harshen gwamnatinmu kuma muna cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, ai bai kamata a bar mu a baya ba. Wannan magana tana da tarihi. Dokar 1948 ta ba duk talakawan daular Birtaniya damar shiga da zama a can, amma da mutanen Jamaika da Indiya da Pakistan da Afirka ta Yamma suka fara zuwa da yawa, sai aka yi dokar 1962 da ta 1968 aka taƙaita, sannan dokar 1971 ta fifita wanda ke da asali a Birtaniya. Har yau akwai bizar shekara 5 ga ɗan ƙasa renon Ingila wanda aka haifi kakansa ko kakarsa a Birtaniya, kuma kowa ya san waɗanda suka fi cika wannan sharaɗi. Ostireliya ta riƙe manufar fifita fararen fata daga 1901 har zuwa 1973, kuma bayan yaƙin duniya na biyu ta riƙa kwaso Turawan Ingila a jirgin ruwa a kan fam 10 kacal. Masu goyon bayan CANZUK suna cewa hujjarsu ita ce ƙasashen huɗu suna da sarki ɗaya da tsarin shari'a iri ɗaya da arziki mai kusanci da juna, ta yadda mutane ba za su kwarara gefe ɗaya ba. Hujjar arzikin tana da ƙarfi, ban musa ba, ganin cewa yawan mutanen Najeriya kaɗai ya fi na ƙasashen huɗu a haɗe. Amma Jamaika da Bahamas ma sarkin nan ɗaya ne nasu kuma Turanci suke yi, ba a sa su a lissafin ba, kuma har yanzu Najeriya da Gana ba sa cikin jerin ƙasashen da Birtaniya ta ɗauke wa 'yan ƙasarsu jarrabawar Turanci. Wannan yana ci mini rai, musamman idan na tuna malaman da suka koyar da mu da Turancin da ya fi na wasu 'yan ƙasar tsabta. Duk da haka adalci ne in ce Kanada ta koma tsarin maki tun 1967, kuma Calgary, birni mafi girma a Alberta, Musulmi ne, Naheed Nenshi, ya yi mata magajin gari daga 2010 zuwa 2021. A Birtaniya kuma ɗan Najeriya ko Gana ko Kamaru da ke zaune bisa ƙa'ida yana jefa ƙuri'a har a zaɓen majalisar dokoki, abin da mai izinin dindindin a Kanada ba ya yi.

Batun faɗin ƙasa gaskiya ne a taswira. Kanada ta kusa murabba'in kilomita miliyan 10, wato ta ninka Najeriya fiye da sau 10, kuma sai a 2023 mutanenta suka kai miliyan 40. Ostireliya tana da kimanin miliyan 7.7 da mutane wajen miliyan 27, ita kuwa Birtaniya ba ta kai dubu 250 ba amma mutanenta sun doshi miliyan 70. Sai dai mutum ba a fili yake kwana ba, a gida yake kwana, kuma gidan dole ya kasance kusa da wurin aiki. Yawancin mutanen Kanada suna cunkushe ne a kudu, kusa da iyakar Amurka, domin arewa sanyi ne da daji da ƙanƙara, su kuma na Ostireliya suna bakin teku saboda tsakiyar ƙasar busasshiya ce. Shi ya sa Toronto da Vancouver da Sydney da Auckland suke cikin biranen da gida ya fi tsada a duniya idan aka auna da albashi. Iyalai da yawa da na tarba sun fara ne daga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na gidan wani, masu ƙaramar taga a kusa da rufi, domin masu gida suna tambayar tarihin biyan bashi na cikin ƙasar, kuma wanda mutum ya tara a Ingila ba ya tsallakowa tare da shi. Idan an daure an kafu, gidajen biranen Alberta da Saskatchewan da Manitoba sun fi na Ingila girma nesa ba kusa ba, yara suna samun fili, kuma wannan ni'ima ce da nake gode wa Allah a kanta. Amma tana zuwa da hunturun da sanyi ke kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili, da tilascin sayen mota, da nisa. Daga Landan zuwa Abuja tafiyar awa 6 ce ko ɗan fiye, daga nan kuwa sai ka yi awa 4 a sama kafin ma ka kai Toronto, daga Ostireliya kuma kwana guda ba ya isa. Wanda ya bar iyaye tsofaffi a gida ya auna wannan da kyau, domin jana'izarmu ba ta jiran jirgi. Masallaci da naman halal ba matsala ba ne a manyan birane, Edmonton ma tana da masallaci tun 1938, amma a ƙananan garuruwan da gida ke da araha sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka samu Juma'a, ba kamar Birmingham ko Bradford ba.

Ƙarancin muhallin nan shi ne ma ya juya siyasar shige da fice a shekarun nan. A Janairun 2024 Kanada ta ƙayyade yawan bizar ɗalibai, a Oktoban shekarar kuma ta rage adadin waɗanda za ta ba izinin dindindin a 2025 daga dubu 500 zuwa dubu 395, kuma gwamnati ta ambaci matsin gidaje cikin dalilanta. Ostireliya ta ɗaga kuɗin bizar ɗalibi daga dalarta 710 zuwa 1,600 a Yulin 2024. Birtaniya kuwa, wadda ita ce matakin farko a shirinka, ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyali daga Janairun 2024, ta hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyali daga Maris, ta ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilu, sannan a Yulin 2025 ta rufe ɗauko masu aikin kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Ga kuma kuɗin lafiya na fam 1,035 a kan kowane babba duk shekara, wanda ake biya dunƙule tun kafin a shiga. Ƙasashen da ke rage baƙi saboda gidaje ba na ganin za su yi saurin buɗe wa junansu ƙofa, balle wanda ke riƙe da bizar wucin gadi.

Shawarata ita ce ka zaɓi ƙasa ɗaya wadda sana'arka da shekarunka da halin iyalinka suka dace da ita, ka nufe ta kai tsaye, ka zauna har ka samu fasfonta, domin shekarun da ka tara a wata ba a lissafa maka su a wata. Kanada tana neman kwana 1,095 na zama cikin shekara 5, Ostireliya shekara 4, Birtaniya kuma shekara 5 kafin izinin dindindin da ƙarin shekara 1 kafin zama ɗan ƙasa, kuma a Mayun 2025 gwamnatinta ta bayyana niyyar mayar da biyar ɗin goma. Izinin dindindin na Birtaniya yana mutuwa idan mutum ya yi shekara 2 a waje, don haka wanda ya bar ta kafin ya karɓi fasfo yana iya rasa abin da ya yi wa wahala. Ɗan Najeriya na haihuwa da ɗan Gana suna iya riƙe fasfo biyu, amma dokar Kamaru ba ta yarda da haka ba, saboda haka 'yan'uwanmu na Garwa da Marwa su yi shawara da iyali kafin su kai wannan mataki. Su da na Nijar da Chadi kuma suna da wata dama da mu ba mu da ita, domin Kanada tana ba da ƙarin maki ga mai jin Faransanci, kuma tun 2023 tana ware zagaye na musamman na zaɓar masu nema ga waɗanda suka ci jarrabawar Faransanci ta TEF ko TCF, inda makin da ake nema yakan yi ƙasa da na sauran masu nema. Idan kai ma kana da ɗan Faransanci, shekara guda ta karatunsa da gaske a Yamai ko Maraɗi za ta fi kusantar da kai Kanada fiye da zaman jira a Ingila.