Amsoshin tambayoyinku kan dashen ƙwai na IVF

Tambaya: Shekara 6 da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. In sayar da gwal ɗina a yi min IVF?

Amsa: Allah ya share miki hawaye, 'yar'uwa. Gorin dangin miji ba daɗi, amma riƙe gwal ɗinki tukuna. An gwada maniyyin maigida kuwa? Sau da yawa matsalar daga namiji take, gwajin kuma bai kai kuɗin shadda mai kyau ba. Ke kuma a yi miki hoton HSG, a ga ko bututun mahaifa sun toshe. In a buɗe suke, wataƙila magani ko IUI, wato saka maniyyin miji kai tsaye cikin mahaifa, ya wadatar. IVF, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a dasa cikin mahaifa, miliyoyin naira yake ci, kuma ba dole ya kama a karon farko ba. In dai kin haura 35 kada ki yi sanya, ƙwai raguwa yake.

Tambaya: Ya halatta?

Amsa: Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi (OIC) ta halatta shi a zamanta na Amman a 1986, muddin ƙwan matar ne, maniyyin mijinta ne, mahaifarta ce. Ƙwai ko maniyyi na aro da hayar mahaifa haramun ne.

Tambaya: Za a iya zaɓa min tagwaye maza?

Amsa: Malam, asibiti ne, ba kasuwar kara ba. Cikin tagwaye ma ya fi haɗari ga uwa da jarirai.

Tambaya: Wata a TikTok tana sayar da haɗin haihuwa, wai wata ɗaya ciki ya shiga. In saya?

Amsa: A'a! Wannan abu yana ci min tuwo a ƙwarya. Likitan da ya kashe shekaru yana karatu bai isa ya ce miki tabbas ba, sai mai tsumi a jarka? Ba lambar NAFDAC, ba wanda ya san abin da aka zuba, ki sha har ƙoda ta taɓu, shekarunki kuma suna tafiya. Haka masu shan Clomid, maganin da ke sa mace ta saki ƙwai, daga kemis ba tare da sikanin ba. A 2024 BBC ta bankaɗo wasu a Anambra masu yi wa mata allura ciki ya kumbura, su ce juna biyu ne da na'ura ba ta gani, daga baya a miƙa musu jaririn da aka sayo. Duk wanda ya hana ki yin hoto a wani wuri, ɗauki jakarki ki fita. Ki fara da sashen mata na asibitin koyarwa, ku je tare da maigida.