Bambancin smooth jazz da jazz na gargajiya

Malam, ka tambaya ko kiɗan smooth jazz da jazz na gargajiya abu ɗaya ne. Tushensu ɗaya, amma da ka saurare su za ka ji bambanci.

Na gargajiya ya tashi ne a New Orleans ta Amurka, a hannun baƙaƙen fata, farkon ƙarni na 20, kuma an fara naɗarsa a faifai a 1917. Ginshiƙinsa ƙirƙira nan take. Mai ƙaho ya ja amo, mai kilarinet (wata irin sarewa) ya yi ta kewaya shi, mai turombon (dogon ƙaho mai kaurin murya) ya amsa daga ƙasa, duk a lokaci guda, kuma abin da suka busa yau ba lallai su maimaita shi gobe ba. Nemi busar ƙahon Louis Armstrong ta shekarun 1920 ka ji.

Smooth jazz ya bunƙasa ne a shekarun 1970 da 1980, da irin su George Benson da Kenny G. Gidajen rediyo suka raine shi: sauti mai laushi, ganga ba ta sauya taku, ƙirƙirar kaɗan ce.

Ni kam na gargajiyar ya fi taɓa mini zuciya, don ina jin makaɗan suna sauraron juna. Idan ya yi maka hayaniya da farko, fara da Grover Washington Jr., makaɗin smooth jazz, daga nan ka koma baya.